Koyar da Kimiyyar Siyasa a Garin da Ya Ɗanɗana Kuɗarta

Ni malama ce a sashen kimiyyar siyasa na wata jami'a a Jos, kuma tun farkon shekarun 2000 nake koyar da ɗaliban digirin farko darussa biyu da suka zame mini jiki: gwamnati da siyasar Nijeriya ga 'yan aji biyu, da nazarin manufofin gwamnati ga 'yan aji uku. A Jos aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana kuwa ya zo ne daga ƙasar Kano a zamanin da Turawa ke haƙar kuza, ya yi leburanci a wajen Bukuru kafin ya dawo cikin gari ya kama sana'ar ɗinki. Na fara da faɗin wannan ne domin duk wanda ya san Jos ya san cewa tarihin kakan mutum ba ƙaramar magana ba ce a nan, kuma ɗalibaina sukan auna abin da zan faɗa da wannan tarihi tun kafin in buɗe baki.

Mahaifina ya gaji keken ɗinkin mahaifinsa, shagonsa da ke Dilimi kuma ya zama majalisar 'yan jam'iyyar PRP, inda rediyo ba ya mutuwa daga asuba har dare, ana ta musu a kan Malam Aminu Kano da Rimi da Balarabe Musa. A can na fara jin cewa gwamnatocin Kano da Kaduna sun soke haraji da jangali bayan zaɓen 1979, da yadda majalisar dokokin Kaduna ta tsige Balarabe Musa a 1981, tun ban san abin da tsigewa ke nufi ba. Ina ɗaliba a jami'a jam'iyyar SDP ta yi babban taronta a Jos a watan Maris na 1993 ta tsayar da Abiola, gari ya cika maƙil da baƙi. Da aka soke zaɓen 12 ga Yuni, mahaifina ya ajiye almakashi ya ce da ni, "Ke da kike karanta abin nan a makaranta, gaya mini, wace doka ce ta ba mutum ɗaya ikon share ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya?" Na ce masa, "Baba, dokar soja ce, su ne kuma masu rubuta ta, sun ma hana kotu sauraron ƙara a kanta." Ya girgiza kai ya ce to lallai masu karatun namu suna da sauran aiki. Bayan hidimar ƙasa da digiri na biyu aka ɗauke ni ƙaramar malama.

Mafi yawan ɗaliban da ke shigowa sashenmu ba shi suka nema ba. Aikin lauya suka so karantawa, makinsu bai kai ba, aka turo su wurinmu, suka zo rai a ɓace, iyayensu kuma suna tambaya ko dai koyon yaƙin neman zaɓe za su yi. A makon farko nakan ba su tambayar da masanin nan na Amurka Harold Lasswell ya taƙaita fagen da ita tun 1936, wato wa ke samun me, a yaushe, kuma ta wace hanya, sannan in ce su amsa ta a kan abin da suka sani: wa ya samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai, wa ya samu rumfa a kasuwa, wace unguwa ce famfonta ke kawo ruwa. Daga nan sai mu bi tarihin tsarin mulki, daga na Clifford a 1922 zuwa na Richards a 1946, da na Macpherson a 1951, da na Lyttleton a 1954 wanda ya tabbatar da tarayya, har zuwa na 1979 da ya kawo shugaba mai cikakken iko da na 1999 da muke kai. Wannan ɓangaren ba ya ba su wuya, don tun sakandare suka saba da hadda, ni ma ba na daɗewa a kansa. Wuyar tana zuwa ne ranar da darasi ya iso ƙofar gidansu.

Ban daɗe da fara shiga aji ni kaɗai ba rikicin ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 ya ɓarke. Ba zan tsaya ba da labarin kwanakin nan ba, domin kowane ɗan Jos yana da nasa, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an rasa rayuka kusan 1,000 cikin kimanin mako guda. Abin da ya shafi aikina shi ne yadda na tarar da aji bayan an koma karatu. Akwai sunaye a rajista da aka daina amsawa, wasu iyayensu sun mayar da su gida, wasu kuwa ba wanda ya so ya faɗi dalili. Waɗanda suka dawo sun zauna kashi biyu ba tare da kowa ya umarce su ba, Musulmi a gefe guda, Kirista a ɗaya gefen, kamar yadda garin kansa ya fara rabuwa, ɗan Unguwar Rogo yana shakkar shiga Unguwar Rukuba, na Unguwar Rukuba yana shakkar shiga Unguwar Rogo. A daidai wannan zango ne manhaja ta kawo mu kan tsarin tarayya da rabon muƙamai. Wani dattijon malami da nake girmamawa ya kira ni gefe ya ce, "Malama, da kin tsallake babin nan bana, gari bai huce ba." Na gode masa, na kuma gaya masa cewa idan muka tsallake shi a aji, za su karanta shi a bakin titi wurin malaman da ba sa neman hujja.

Na sa kowane ɗalibi ya zo da kundin tsarin mulkin 1999, ko da na aro ne, muka karanta shi a bayyane sashe bayan sashe. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya ga dama a ƙasar, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin asalinsa. Da muka karanta waɗannan, gefe ɗaya na ajin ya shiga gyaɗa kai. Sai muka koma sashe na 14, wanda ya wajabta a raba muƙamai yadda wasu jihohi ko ƙabilu ba za su mamaye gwamnati ba, da sashe na 147 da ya ce lallai shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha kuma ministan ya kasance ɗan asalin jihar, da sashe na 318 da ya danganta zama ɗan jiha da kasancewar iyaye ko kakanni cikin al'ummar da ke da asali a wurin. Nan kuma ɗaya gefen ya karɓi gyaɗa kan. Kundi ɗaya ya yi alkawari biyu da ba sa shan inuwa ɗaya, bai kuma fayyace wane ne ɗan asali ba, sai aikin ya faɗa hannun ƙananan hukumomi, waɗanda su ke ba da takardar shaidar asali da kowa ke kira indijin. Da wannan takarda ake neman gurbin karatu da tallafinsa, da aikin gwamnati, da shiga soja ko ɗan sanda. Wanda ya gane haka ya gane dalilin da ya sa ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, wadda gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro a 1991, ta zama abin da ake zubar da jini a kansa: naɗin shugaban riƙo ne ya haddasa rikicin Afrilun 1994, taƙaddama kan naɗin jami'in shirin yaƙi da talauci ce ta share fagen na 2001, zaɓen ƙaramar hukumar kuma shi ya kunna na Nuwamban 2008.

Karanta doka kaɗai bai wadatar ba, domin kowa zai tsinci sashen da ya yi masa daɗi ya riƙe. Saboda haka na ɓullo da wani aiki da har yau nake bayarwa, kuma shi ne abin da na fi tsayawa a kansa a duk koyarwata. Nakan ɗora wa kowane ɗalibi ya tashi gaban aji ya gabatar da hujjar ɓangaren da ba nasa ba, ya gabatar da ita da ƙarfinta, yadda idan mai ita ya ji zai ce lallai haka nake nufi. Ɗan Hausawa zai bayyana abin da Berom da Anaguta da Afizere ke faɗa: cewa ƙasarsu ce aka haƙe domin kuza aka bar musu ramuka a inda gonaki suke, cewa kakanninsu ba su taɓa zama ƙarƙashin sarakunan daular Usmaniyya ta Sakkwato ba kuma ba za su yarda jikoki su zauna ba, cewa ɗan Berom da aka haifa a Kano ba zai samu indijin a can ba balle kujerar shugaban ƙaramar hukuma, kuma kwamitocin bincike na Mai Shari'a Fiberesima da na Mai Shari'a Niki Tobi sun ce ƙabilun nan uku su ne 'yan asalin Jos. Ɗan Berom ko Anaguta kuma zai bayyana abin da Hausawan Jos ke faɗa: cewa garin da ake gani yau ya tashi ne da kuza da kasuwa kuma da hannun kakanninsu aka gina shi, cewa sun yi sarakunansu a cikin garin a zamanin Turawa, cewa a nan suke biyan haraji, a nan suke binne matattunsu, kuma idan an ce su koma garinsu babu garin da zai karɓe su, don can ma baƙi ne. Rabin makin yana kan ko masu hujjar sun amince an faɗe ta daidai.

A shekarar da ta biyo bayan rikicin 2008, wani ɗalibi ɗan wajen Bukuru ya biyo ni ofis bayan na raba wannan aiki. Ya tsaya bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya yi mini magana da Hausa, kamar yadda yaran Jos na kowace ƙabila ke yi idan maganar ta fito daga ciki. Ya ce, "Malama, ki yi mini afuwa, ki ba ni sifili kawai. An ƙone shagon babana, ba zan iya tsayawa gaban mutane in kare waɗanda suka ƙone shi ba." Na ce, "Ɗana, shigo ka zauna. Wanda ya ƙone shagon babanku mai laifi ne, kuma ba shi na ce ka kare ba. Cewa na yi ka gaya mini abin da dattijon da aka haifa a Gangare, wanda bai taɓa ƙone komai ba, yake nufi idan ya ce nan ne garinsu." Bai amsa ba, amma bai sake maganar sifili ba. Yana fita sai ga wani ɗan Unguwar Rogo da nasa ƙorafin, yana cewa, "Haba Malama, ke ma da kanki? Ke fa tamu ce." Na ce masa a gida ni tasu ce, a aji kuwa malamarsu ce su duka, biron da nake ba da maki da shi kuma bai san unguwa ba.

Na farkon ya nemi wani ɗan ajinsu ya raka shi Gangare, inda wani tsoho ya ciro masa rasiɗan harajin mahaifinsa na zamanin Turawa daga cikin wata tsohuwar adaka, takardun sun yi ja, an naɗe su a leda. Ya ɗauko hotonsu ya zo da shi aji, yana magana takardar tana rawa a hannunsa, amma bai rage ko ɗaya daga hujjojin ba. Na biyun ya tafi wajen Barkin Ladi ya ga kududdufan kuza da idonsa, wani manomi ya zaga da shi yana nuna masa inda gonar gidansu take kafin a haƙe ta, da inda shanu da yara suka sha faɗawa. Da ya gama bayani wata ɗaliba 'yar Berom ta ɗaga hannu ta gyara masa abu ɗaya, sannan ta ce saura duk haka suke.

Ba zan ce yaran nan biyu sun zama abokai ba, kuma ban ga alamar ɗayansu ya sauya ra'ayi a kan wanda ya mallaki Jos ba. Abin da ya sauya yana cikin takardun jarrabawarsu, inda kalmomin "su" da "mu" suka ragu, lambobin sashe da shekaru da sunayen hukumomi suka ƙaru, kowanne kuma ya san wace hujja ce ta abokin hamayyarsa ta fi wuyar rushewa. Ɗalibai kan matsa in faɗi nawa ra'ayin, ni kuwa nakan ajiye shi sai laccar ƙarshe. A ganina, haƙƙin karatu da aiki da tsayawa takara ya kamata ya bi zama da biyan haraji na tsawon lokacin da doka za ta ƙayyade, a kowace jiha, a Kano da Sakkwato kamar a Jos da Inugu, sarauta da ƙasar gado kuma a bar su ga al'ummomin da ke da su. Jos ba za ta iya wannan gyara ita kaɗai ba, domin ba adalci ba ne a ce Berom ya buɗe ƙofarsa alhali ta kowa a kulle take. Wannan ra'ayi bai taɓa gamsar da kowane ɓangare ba, har a danginmu akwai masu ganin na sassauta da yawa, kuma ɗalibin da ya rushe shi da hujja cikakken maki yake samu.

Akwai karatun da ba na shan wahalar fassara musu. Idan na kawo bayanin da Peter Ekeh ya yi a 1975, cewa mulkin mallaka ya bar mana fagen jama'a iri biyu, na dangi da gari inda cin amana abin kunya ne, da na gwamnati inda wanda ya ɗiba ya kai gida yake zama gwarzo, sai aji ya ɗauki dariya, domin kowannensu ya san ma'ajin ƙungiyar ɗaliban garinsu ba zai taɓa kwabo ba, amma shi ɗin ne zai ce wanda ya riƙe muƙami ya sauka ba gida ba mota wawa ne. Nakan kuma sa su karanta abin da Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa mutanen Kano a Liya'ul Hukkam game da sharuɗɗan shugaba da shawara da baitulmali, su gwada shi da yadda al'ummomin tsaunin Filato suka tafiyar da kansu ta majalisun dattawa da shugabannin gargajiya na kowane gari, don kada su fita da zaton cewa tunani a kan mulki daga Girka ya taso ya biyo ta Ingila ya sauka a Legas.

Darasin manufofin gwamnati ya fi sanyi a fuska, amma shi ya fi buɗe wa ɗalibai ido. Littattafai sun jera matakai: a gano matsala, a tsara mafita, a amince da ita, a aiwatar, a auna sakamako. Nakan rubuta su a allo, sannan in tambaya a wane mataki za su ajiye ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da sabon shugaban ƙasa ya ce a jawabin rantsuwarsa tallafin mai ya tafi, kafin dare layuka suka cika gidajen mai, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, sannan daga baya aka shiga neman abin da za a rage wa talaka zafi da shi. Muna gwada wannan da na 1 ga Janairu 2012, lokacin da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, yajin aiki da zanga-zanga suka sa aka dawo da ita 97. Ba na ɓoye musu cewa masu son cire tallafin suna da hujja mai nauyi, ta kuɗin da yake laƙumewa da fasa-ƙwaurin mai zuwa maƙwabta, kuma a nan ma kowa sai ya kare ɓangaren da ba nasa ba. Canjin takardun naira da aka sanar a Oktoban 2022 bai buƙaci dogon bayani ba, don ɗalibaina da kansu suka sayi naira da naira wurin masu POS kafin su samu kuɗin mota.

Gani ya kori ji, shi ya sa ba na barin ɗalibi ya gama darasin nan bai fita gari ba. Lokacin da gwamnatin Jonah Jang ta hana acaɓa a Jos da Bukuru, na raba ajin: wasu su nemo dokar kanta su karanta, wasu su ji ta bakin jami'an tsaro da ma'aikatan asibiti, wasu su sami 'yan acaɓan da fasinjojinsu. Rukunin farko da na biyu sun dawo da dalilai na gaske, na haɗurran da ke cika ɗakin masu karaya da na miyagun da ke amfani da babur su yi ɓarna su ɓace. Wata ɗaliba daga rukuni na uku ta sami wani magidanci a Farin Gada yana dakon buhunan kabeji, wanda kafin dokar acaɓa yake yi. Ta ce ya share gumi ya ce mata, "'Yata, ni ban ce kada a hana ba, na ga gawa a titi da idona. Amma babur ɗin bashi ne, saura wata uku in gama biya, Keke Napep kuma ya ninka kuɗinsa. Da an tambaye mu, da mun ce a ba mu zuwa bayan girbi." Ta rubuta maganarsa kalma da kalma, ta kuma lissafa wa aji abin da wata mai sayar da tumatir ke kashewa a sufuri kafin dokar da bayanta. Na gaya musu a ranar cewa manufar da aka tsara ba a ji ta bakin wanda za ta hau kansa ba, kamar rigar da tela ya yanka ne bai gwada mai ita ba: yadin yana iya zama mai tsada, ɗinkin ma ya yi kyau, amma a kafaɗa za ta kama. Dokar tana da amfaninta, ni ma na fi samun natsuwa a titi bayanta, sai dai wanda ya biya kuɗin natsuwar tawa bai samu gayyata wurin shawara ba.

Nakan kuma koya musu cewa abin da gwamnati ta ƙi yi shi ma manufa ce, misalin kuwa yana gidanmu. Bayan 1994 an kafa kwamitin Fiberesima, bayan 2001 na Niki Tobi, bayan 2008 gwamnatin jiha ta kafa na Bola Ajibola ta tarayya kuma ta kafa na Janar Abisoye, a 2010 aka kafa na Solomon Lar. A tsakani, Shugaba Obasanjo ya ayyana dokar ta-ɓaci a Mayun 2004 bayan rikicin Yelwan Shendam, ya dakatar da Gwamna Dariye na wata shida ya naɗa Janar Chris Alli. Wasu daga rahotannin nan sun shafe shekaru a kulle kafin jama'a su gan su. Aikin ɗalibi shi ne ya ɗauki shawarwarin rahoto ɗaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya nuna wadda aka aiwatar da wadda aka bari, ya kuma faɗi wanda barin ya amfana.

Yanayin aikin kansa kowa ya san shi, ba sai na ja magana ba. Ajin 'yan shekarar farko kan cika har wasu su leƙo ta taga, duba takardun jarrabawa yakan cinye hutu, yajin aikin malaman jami'o'i ya ci wata tara a 2020, ya kuma ci wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, aka riƙe albashi, ɗalibai mata da dama suka dawo da aure da goyo, maza wasu suka dawo sun kama sana'a hankalinsu ya rabu biyu. Yanzu kuma ga manhajojin wayar hannu masu rubuta wa ɗalibi amsa cikin Turanci mai santsi, wadda ba ta san ƙaramar hukumarsa ba balle sunan kansilan mazaɓarsa. Maganin da na samu shi ne tambayar baka da aikin da sai an taka ƙafa. Ɗalibar da ta kawo mini shafi biyu da kurakuran nahawu amma ta je makarantar firamaren unguwarsu ta ƙirga kujeru da malamai, ta fi mini wanda ya kawo shafi goma da bai san abin da ke ciki ba.

A 'yan shekarun nan na karkata darasin zuwa bin sawun kuɗi, domin na lura ɗalibai sun iya zagin shugaban ƙasa amma ba su san nawa ke shiga ƙaramar hukumarsu ba. Muna farawa da rabon asusun tarayya, inda gwamnatin tarayya ke ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60, sannan mu karanta sashe na 162 da ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ta cikinsa gwamnoni suka daɗe suna riƙe da wuyan kuɗin. Muna karanta dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya amma ta ce sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, da babi na biyu na kundin tsarin mulki da ya yi alkawarin ilimi da tsaro da walwala, da sashe na 6 da ya hana kotu tilasta cika waɗannan alkawura. Kowane rukuni yakan rubuta wasiƙa ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Galibi amsar ita ce ku je ku dawo, ko kuma a ce musu oga ya yi tafiya, ni kuwa nakan ce su rubuta ranar da sunan ofishin da abin da aka gaya musu, don shi ma sakamakon bincike ne.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma shugabannin riƙo da gwamnoni ke naɗawa ba su da gurbi a tsarin mulki. Ɗalibaina sun shigo aji suna murna kamar an gama magana, na ce musu hukunci mataki ne na amincewa, aiwatarwa kuma darasi ne daban. Tun daga lokacin nake raba musu ƙananan hukumomi 17 na jihar Filato, da sharaɗin kada kowa ya ɗauki tasa: ɗan Wase ya bi kuɗin Riyom, 'yar Langtang ta bi na Jos ta Arewa, ɗan Gangare ya bi na Bokkos. Kowane rukuni zai kawo abin da aka wallafa cewa an tura wa ƙaramar hukumar wata-wata, da aiki ɗaya da aka ce an yi da kuɗin, da hoton aikin idan sun same shi a inda aka ce yake, da bayanin mutum biyu mazauna wurin da ba ma'aikatan gwamnati ba. Rukunin da ya kasa zuwa saboda rashin tsaro a hanya yana kawo mini dalilinsa a rubuce, in sauya masa wata ƙaramar hukumar.